In zaka sayi jitar bes ko akwatin sifika na hannu, ga abin da zaka duba kafin ka miƙa kuɗi

Ɗan'uwa, indai bes kake kaɗawa, ko a coci ne ko a situdiyo ko ƙungiyar da ake ɗauka biki, toh ka san sabon kaya yanzu sai wane da wane, yawancinmu na hannu muke saye, ko tokumbo daga Alaba a Legas, ko wanda wani ya gaji da shi ya sa a Jiji ko Facebook, ko kuma ka ji an ce wata ƙungiya ta watse ana sayar da kayanta. Kuma wallahi babu laifi a haka, ni kaina duk kayan da na fi jin daɗinsu na hannu ne. Abin da yake damuna shine yadda nake ganin yara suna zuwa su tsaya gaban jita, su kalli sunan da ke rubuce a kanta, su shafa fenti, mai kaya ya ce musu ai wannan tsohuwar ajiya ce daga Amurka, shikenan sai su ƙirga kuɗi. Bayan sati biyu sai kaga an kawo maka ita wai ka duba tana ƙara. Shi yasa nace bari in zauna in rubuta yadda ni nake dubawa.

Kar ka je hannu rabbana. Ka tafi da wayar jitarka wadda ka san lafiyarta ƙalau, da batir 9V sabo guda biyu, da alanki ƙanana, da sukundireba, da 'yar mitar nan ta masu gyaran rediyo, in baka da ita ka ara, sai manhajar tuna, wato mai nuna maka ko tsirkiya ta ɗauru daidai, a wayarka. Kuma ka je da rana, kar ka yarda a nuna maka kaya a lungun shago mai duhu ko da magariba. In mai kaya ya ce babu wuta ba za a iya gwadawa ba, ka ce a tada janareta kai zaka sayi man, in ya ƙi toh ka san akwai lauje cikin naɗi.

A jikin bes, wuya shine komai. Na sake faɗa, wuya shine komai. Fikof, wato maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi yana ɗaukar sautinsu, in ya mutu ana canzawa, waya in ta tsinke mai gyara zai ɗiga mata dalma, kunnuwan ɗaure tsirkiya ana samun wasu, fenti kuma ba ya fitar da sauti. Amma wuya in ya murɗe, sau da yawa kuɗin gyaransa ko na sabo ya fi kuɗin jitar gaba ɗaya, kuma mai iya wannan gyaran ba ko'ina ake samunsa ba. Dan haka da ka karɓi jitar, kafin ma a jona ta, ka ɗaga ta ka sa idonka a daidai kan, ka hango wuyan har zuwa gangar jiki kamar yadda kafinta yake duba katako. Ka kalli gefen tsirkiya mai kauri, sannan ka kalli gefen siririyar. Ɗan lanƙwasa kaɗan zuwa gaba ba matsala bane, haka ma ake so. Abin gudu shine kaga gefe ɗaya ya lanƙwashe ɗayan kuma a miƙe, wato wuyan ya murɗa kamar igiya, wannan ka ajiye ta kawai kayi musu sallama. Haka in kaga ƙarshen wuyan, wajen da ya haɗu da jiki, ya ɗaga sama kamar tudu, zaka sha wahala da ƙarar ƙarfe duk lokacin da ka hau sama.

Sai ka ɗaure tsirkiyoyinta daidai da manhajar tuna, ka danne tsirkiyar E, wato mafi kauri a mai tsirkiya huɗu, a firet na farko (firet su ne ƙarafunan da aka jera a kan wuya) da hannun hagu, da hannun dama kuma ka danne ta a firet na ƙarshe, ka duba tsakiya wajen firet na 7 ko na 8. Ya kamata a samu ɗan rata tsakanin tsirkiya da ƙarfen, kamar kaurin katin gayyatar biki, ba fiye ba sosai. In tsirkiyar ta kwanta kan ƙarfen babu rata, wuyan ya koma baya, in kuma ratar ta kai ka zura kwabo, ya lanƙwashe da yawa. Duk biyun ana gyarawa, amma fa sai in sandar ƙarfen da ke cikin wuyan tana aiki, kuma nan ne mutane da yawa suke faɗawa rami. Ita sandar nan tana da noti, wani a wajen kai yake ƙarƙashin 'yar murfi, wani kuma a gindin wuyan. Ka nemi izinin mai kaya ka sa alanki, ka fara sassautawa kaɗan tukuna, kwata ɗin zagaye ya isa, sannan ka mayar. In ta motsa da ɗan nauyi, alhamdulillahi. In tana juyawa fayau babu riƙo, ta karye ko ta saki. In ramin notin ya cinye alanki na zamewa, wani ya riga ya dagula shi. In kuma ta ƙi gaba sam alhali wuyan na nan a lanƙwashe, an riga an ɗaure ta har ƙarshe, babu sauran inda za ta je. Kar ka tilasta, ka fasa kayan mutane a ce kai ne. Wani abu kuma, Fender na Amurka alankinsu awon inci ne, su kuma irin su Ibanez da Yamaha da Cort na milimita ne, in ka cusa wanda bai dace ba kai ma cinye notin zaka yi.

Ni ma an taɓa yi min. Wata bes mai tsirkiya biyar ce, kyakkyawa, mai ita ya sassauta tsirkiyoyin ya ce wai don kar su gaji a ajiye, na kaɗa sama-sama na ji daɗi na biya. Da na isa gida na ɗaure ta daidai sai wuyan ya biyo tsirkiya kamar baka, na sa alanki na ji noti na yawo. Har yau abin na min ciwo don kuɗin na watanni ne na tara. Tun daga ranar bana duba jita sai an ɗaure ta daidai, E A D G, in mai biyar ce har da B ɗin ƙasa.

Bayan wuya sai firet. Ka bi kowace tsirkiya tun daga firet na farko har na ƙarshe, ɗaya bayan ɗaya, ba gudu ba, ka saurara. Eh zai ɗau lokaci kuma mai shago zai fara tsaki, ƙyale shi, kuɗinka ne. Inda kaji zizz ko sauti ya mutu nan take, ka ɗaga tsirkiyar ka kalli ƙarfen, in ya yi rami toh ya cinye. Amma akwai abu ɗaya da bai kamata ya tsorata ka ba: yawancin bes masu ƙirar Fender suna da wani guri a tsirkiyar G, wajen firet na 5 zuwa na 7, da sauti ba ya daɗewa, wannan halinsu ne har sababbi. Sannan ka shafa gefen wuyan da tafin hannu. In bakin ƙarafunan na kartar ka, katakon ne ya bushe ya tsuke, kuma mu nan arewa wannan kusan dole ne, jitar da ta fito daga ƙasar sanyi ko ta zauna a raɓar Legas in ta ci hunturu ɗaya a Kano ko Zinder sai ta motsa. Ana goge su da fayil, ba babban abu bane, amma ka yi amfani da shi wajen tayi. Tsagewa kuma daban, ka duba bayan kai daidai inda ya haɗu da wuya, nan ne yake karyewa in jita ta faɗi, in kaga layi ko fentin gurin ya bambanta da sauran, an taɓa liƙawa.

Yanzu a jona ta. Ka buɗe murya ka murɗa kowane maɓalli a hankali, in kaji ƙarr-ƙarr yawanci ƙura ce, ana fesa masa mai tsabtace waya ya tafi. Ka girgiza kan wayar a bakin jak, wato ramin da ake cusa waya a jikin jita, in sauti na ɗaukewa yana dawowa shima ƙaramin gyara ne. Ka ɗauki sukundireba ka ɗan ƙwanƙwasa kan kowane fikof, ya kamata kaji ƙwas a sifika, wanda yayi shiru ya mutu ko wayarsa ta cire. Ka san kuma irin Jazz Bass ta Fender, mai fikof biyu, in ka buɗe fikof ɗaya kaɗai tana ɗan gurnani, in ka buɗe biyun daidai sai ya ɓace, ba cuta bace haka aka yi ta. Ita Precision Bass, ita ma ta Fender, fikof ɗinta da aka raba biyu yana kashe wannan gurnanin da kansa. In jitar mai batir ce, irin tsarin da Music Man StingRay ta shahara da shi tun 1976, dan Allah ka buɗe gidan batirin ka leƙa. Sau nawa na buɗe na tarar batir ya fashe ya yi kore ya cinye waya har cikin allon. Ka sa naka sabon ka gwada, kuma in ka saya ka riƙa zare waya daga jak in ka gama, barin ta a ciki shi ke shanye batir.

Toh maganar suna da tsufa, inda ake yi wa mutane wayo. Leo Fender ya fito da Precision Bass a 1951, Jazz Bass kuma a 1960, sannan kamfanin CBS ya sayi Fender a farkon 1965, shi yasa masu tara tsofaffin kaya suke rububin waɗanda aka yi kafin wannan shekarar, kuɗinsu kuma ya kai na mota mai kyau. Ka sa wannan a ranka: irin wannan jitar ba za ta zo ta same ka a rataye a shago da kuɗin Squier, wato samfurin Fender mai araha, ba. Takardar suna da ake mannawa a kai ana buga ta a ko'ina, jabu sun cika kasuwa. Lamba tana taimakawa kaɗan, misali Fender ta Meziko in ta fara da MN ta shekarun 1990 ce, MZ ta shekarun 2000, MX daga 2010 zuwa sama, kuma zaka iya sa lambar a intanet nan take kana tsaye. Amma lamba ma ana kwafa. In da gaske ana ce maka tsohuwa ce ta asali, ka ce a buɗe a ga bayan maɓallan murya, na kamfanin CTS suna da lamba mai farawa da 137, sai shekara sai sati, wato 1377412 na nufin sati na 12 a 1974. A gindin wuya ma sau da yawa akwai kwanan wata, sai an kwance kusoshi ake gani. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba.

Amma ni ra'ayina, in kaɗawa zaka yi ba ajiya ba, ka daina bin tsufa. Tsufa ba shi ke sa jita daɗi ba, akwai tsofaffin da nauyinsu zai sa kafaɗarka ta yi tsami kafin a tashi daga biki, sautin kuma ba wani abu ba. Yamaha BB ko Ibanez SR ko Squier mai lafiyayyen wuya, ka sa mata sababbin tsirkiyoyi a daidaita ta, wallahi zata yi maka aikin shekaru. Waɗanda aka yi a Japan tun daga 1982 da aka kafa Fender Japan su ma in ka ci karo da su ka tsaya ka duba da kyau, aikinsu mai tsabta ne. Kuma ka lissafa kuɗin tsirkiya a cikin ciniki, na bes suna da tsada, in na jikinta sun yi tsatsa toh wannan kuɗi ne da zaka kashe gobe.

Mu koma kan akwatin sifika, wanda shi mutane ma basa dubawa sam, ana kunna waƙa daga waya a ƙure murya sai a ce kaji ai yana bugawa. Waƙar waya ba gwaji bace. Tsirkiyar E ta bes tana sauka har wajen 41 Hz a ma'aunin kaurin sauti, B ɗin mai biyar kuma wajen 31, irin wannan ƙasan shi ke tona asirin sifika. Shi yasa ma ba a kaɗa bes da ƙarfi a sifikar jita ta yau da kullum, yaga ta zaka yi.

Fara da ido da hanci. Cire ragar gaban in tana ciruwa. Kalli takardar kowace sifika, akwai yagewa? akwai inda aka liƙe da gam ko aka shafa baƙin fenti don ɓoyewa? Kalli zoben gefe, in na soso ne ka taɓa shi a hankali, tsohon soso ruɓewa yake ya zama gari a hannunka, na yadi ya fi daɗewa. Sai ka buɗe yatsunka ka ɗora su kewaye da ƙoƙon tsakiya, ba a kansa ba, ka tura ciki a hankali daidai wa daida. Ya kamata ta shiga ta dawo shiru. In kaji tana karta kamar yashi a ciki, koyil ɗin, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke cikin sifika, ya ƙone ko ya goce. Kai hancinka kusa ma, koyil da ya taɓa ƙonewa warinsa ba ya ɓuya. Kuma ka tambaya kai tsaye ko an taɓa yi mata riwayin. Ba wai duk wadda aka naɗa wa sabon koyil bata da kyau bane, akwai masu gyaran da hannunsu ke da albarka, amma kuɗinta ba ɗaya bane da ta asali kuma sau da yawa ba ta ɗaukar ƙarfin da aka rubuta. In ya yarda ka kwance ɗaya ka kalli bayanta, don ana cire na asali a zuba masu araha a cikin akwati mai babban suna, wannan ya zama ruwan dare.

Sai gwajin batir, wanda nafi so don ko babu wuta ana yinsa. Ka jona wayar sifika a akwatin, ɗaya kan kuma ka taɓa shi da batir 9V, ɗan taɓi kawai ka ɗauke. Zaka ji ɗum, kuma duk sifikun ya kamata su motsa tare gefe ɗaya, ko duk waje ko duk ciki. Wadda bata motsa ba ta mutu. In kuma ɗaya ta fito ɗaya ta shige, an juya mata waya, suna cin junansu, shi yasa zaka ga akwati ƙato amma babu ƙasa a sautinsa. Wannan gyaran minti biyar ne, kuma in ka gano shi zaka iya samun kaya mai kyau da araha don mai shi ya ɗauka lalacewa yayi.

Yanzu mita, kuma nan ka natsu don shi ke ƙona amfilifaya. Kowane akwati yana da om ɗinsa, wato awon yadda yake tare wuta, yawanci 8 ko 4. In ka auna da mita ba za ta nuna lambar cif ba, mai 8 zai nuna wajen 5 da rabi zuwa 7, mai 4 kuma wajen 3, haka yake daidai. In an rubuta 8 a baya mita ta nuna 3 ko ta nuna 12, toh an taɓa cikin. Sannan ka duba bayan amfilifayarka, akwai inda aka rubuta mafi ƙarancin om da take ɗauka, yawanci 4. Akwati biyu masu 8 in ka jona su tare sun zama 4, lafiya lau. Biyu masu 4 sun zama 2, in amfilifayar bata ɗaukar 2 zata yi zafi ta ɗauke ko ta ƙone tsakiyar taro. Dan haka in kana da niyyar ƙara akwati nan gaba, sayi mai 8. Maganar wat kuma, ka nemi wanda aka rubuta RMS, wato ƙarfin da yake iya ɗauka a kai a kai, manyan lambobin nan da ake mannawa a gaba da jan rubutu talla ce kawai.

Shi kansa akwatin ka ƙwanƙwasa shi ta ko'ina, ka juya shi ka kalli ƙasansa. Na falwud ya fi ƙarko da sauƙin ɗauka, na garin katako da aka matse kuwa da ya sha ruwa sau ɗaya sai ya kumbura ya fara zuba, kusa bata ƙara kama shi. Ka haska tocilan ta ramin iska, ɓera na son sheƙa a cikin audugar nan, ga gara ga kyankyaso, musamman kayan da suka daɗe a sito. Daga nan sai ka jona bes ɗinka ka kaɗa E a buɗe, ka bar ta ta yi ta amo, kana ƙara murya kaɗan-kaɗan, kana zagaya akwatin da kunne. Wata ƙarar raga ce ko mariƙi ya saki, a ɗaure kusa ta wuce. Wata kuma daga cikin sifika take, kamar ana yaga takarda, wannan ita ce ta kuɗi.

Kayi tunanin ɗauka ma. Kowa na sha'awar amfilifayar Ampeg SVT, wadda ta fito a 1969 da wat 300 da akwatinta mai sifika takwas 'yan inci 10, sautinta kam babu magana, amma akwatin kaɗai ya haura kilo 60, ita amfilifayar kuma ta kusa 40. Wa zai hau maka bene da shi, a wace Keke Napep zai shiga? Ga wanda yake yawon biki, akwati mai sifika huɗu 'yan inci 10 ko guda ɗaya 'yar inci 15 ya wadatar. Tsofaffin Peavey suna da nauyi su ma amma suna jure wahala da zafi da ƙura, masu gyara kuma sun san cikinsu, wannan ba ƙaramin abu bane a gurinmu.

In har da amfilifaya zaka haɗa, abu na farko kafin kowa ya kai hannu soket: juya bayanta ka karanta. Kayan Amurka 120V ne, na Japan 100V, mu kuma wutarmu 220 zuwa 230 ce a Najeriya da Nijar. Na ga amfilifaya mai kyau ta tashi da hayaƙi a daƙiƙa ɗaya saboda zumuɗin yaron shago. Wasu suna da maɓallin canza wuta a baya, wasu sai ka haɗa da taransifomar rage wuta mai ƙarfin da ya fi nata. Ka zare fis ka gani ko an naɗe shi da waya ko takardar sigari, in haka ne akwai abin da ke ƙona shi da ba a gyara ba. In mai kwalaben gilashi ce a ciki (tube) irin ta da, kar a kuskura a kunna ta babu sifika a jone, taransifomar fitar da sautinta ce zata tafi, kuma ka tambayi kanka a ina zaka samu kwalaben in sun mutu. Ka bar ta a kunne kana kaɗawa kamar minti 20 ko 30, don wata cutar sai ta yi zafi take fitowa. Tsakanin amfilifaya da akwati kuma wayar sifika ake sawa, mai kauri, ba wayar jita ba duk da kawunansu iri ɗaya ne, ta jita siririya ce a ciki zafi take yi ta narke.

Wajen ciniki kar ka nuna ka mutu a kan kaya. Duk abin da ka gano ka lissafa masa a fili cikin mutunci, Alhaji ga tsirkiya sai an canza, ga jak na rawa, ga sifika ɗaya an taɓa, sai ka yi tayinka a kan haka, in ya ce albarka ka ɗan ƙara ko ka taka, wata na nan. In da dillali a tsakani a yi maganar la'ada tun farko. In daga nesa ne ta waya, kar ka tura kuɗi kan hoto, ka sa a yi maka bidiyo kai tsaye ana bin firet ɗaya-ɗaya ana nuna maka lamba da mita, ko ka tura wani naka da ya san kaya ya je ya gani. Ka karɓi rasit mai lambar jitar da sunan mai sayarwa, don kayan kiɗa na coci da na situdiyo ana sace su sosai, in mutum ya kasa faɗa maka inda ya samo ta kuma kuɗin ya yi arha fiye da hankali, rabu da shi. In za a sako maka ita a motar haya daga Legas, a ɗan sassauta tsirkiyoyin, a naɗe kan da tsumma sosai, kuma ka roƙi direba kar a ɗora mata kaya ko a sa ta a saman mota cikin rana. Da ta iso ka bar ta cikin jakarta kwana biyu ko uku a ɗaki ta saba da iskar garin, sannan ka ɗaure ta ka sake auna ratar nan ta firet na 8 kafin ka taɓa alanki.